Hular kwano ga yaro mai hawan keke: abin da take karewa da yadda ake zaɓenta

Yaron da ya faɗo daga kan keke ya karye a hannu, in aka yi masa ɗori yadda ya kamata, cikin mako 4 zuwa 6 ƙashin ya haɗe. Bayan 'yan watanni ma sai an tuna masa wane hannun ne. Ƙujewar gwiwa kuwa yawanci ko asibiti ba a kawo ta. Kai ne ya fita daban. Ƙwaƙwalwa ba ta sake tohowa kamar yadda ƙashi da fata suke yi. Wurin da ya mutu ya mutu ke nan, sai dai sauran sassan su yi ƙoƙarin ɗaukar aikinsa, wani lokaci su iya, wani lokaci su kasa. Shi ya sa a cikin raunukan da hawan keke ke jawo wa yara, raunin kai ne ya fi kisa, shi ne kuma ya fi barin nakasar da yaro zai girma da ita.

A garuruwanmu keke ya zama kyautar da ake yi wa yaro idan ya yi sauka ko ya ci jarrabawa. Wanda ba a saya masa ba yana tara kuɗinsa ya je wurin mai haya, musamman lokacin Sallah. Da keke ake aiken yara cefane da kai niƙa, da shi wasu ke zuwa makarantar boko da Islamiyya. Amma za ka yini a bakin titi ba ka ga yaro ɗaya da hular kwano ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna cewa haɗarin kan hanya yana kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Fiye da rabin waɗanda ke mutuwa masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, wato waɗanda babu ƙarfen mota da ya kewaye su. Yankin Afirka ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a.

Me ke faruwa a cikin kai idan ya bugi ƙasa?

Ƙwaƙwalwa ba ta da tauri. Taushinta ya yi kusa da na awara, kuma tana zaune ne a cikin wani ruwa kaɗan da ya kewaye ta a cikin ƙoƙon kai. Idan kai yana tafiya da gudu ya tsaya farat ɗaya saboda ya haɗu da kwalta ko bakin kwata, ƙoƙon ne ya tsaya, ita ƙwaƙwalwar tana ci gaba da tafiya har ta bugi ƙashin daga ciki, sannan ta koma baya ta bugi ɗaya gefen. Wannan ne dalilin da ya sa a wasu lokuta yaro ya bugu a goshi amma hoto ya nuna rauni ta wajen ƙeya. Idan kuma kan ya murɗa a lokacin bugun, ƙananan zaruruwan da ke kai saƙo tsakanin sassan ƙwaƙwalwa suna miƙewa, wasu su tsinke.

Iyaye da yawa sukan ce ai yaron ba gudu yake yi ba, a cikin layi kawai yake zagayawa. Lissafin bai goyi bayan wannan magana ba. Duk abin da ya faɗo daga tsayin mita 1 yana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 16 a awa, ko da keken a tsaye yake. Kan yaro ɗan shekara 8 da ke zaune a kan sirdi ya kai wannan tsayin, sau da yawa ya fi. Tsayin da kan ya faɗo da taurin abin da ya tarar a ƙasa su ne suka fi muhimmanci. Galibin faɗuwar yara ma babu mota a cikinta: rami ne, ko yashi a kan kwana, ko akuya ta gifta, ko birki ya ƙi ci, ko abokin da aka goya ya karkata. Ga kuma kan yaro ya fi na babba girma da nauyi idan aka kwatanta da jikinsa, wuyansa bai yi ƙwari ba, ƙashin kansa bai kai na babba kauri ba. Saboda haka idan ya faɗi, kan ne ke riga sauran jiki isa ƙasa.

Akwai wuri guda da muke jin tsoronsa sosai, wato gefen kai, tsakanin ƙarshen ido da saman kunne. Ƙashin wurin siriri ne, kuma wata jijiyar jini tana bi ta ƙarƙashinsa. Idan ƙashin ya tsage ya yanke jijiyar, jini zai fara taruwa tsakanin ƙoƙon kai da rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Abin da ke yaudarar iyali shi ne yaron yana iya suma na ɗan lokaci, ko ma bai suma ba, ya tashi ya karkaɗe jikinsa ya tura kekensa zuwa gida, har ya ci abinci. Ƙoƙon kai rufaffen akwati ne, ba ya buɗewa ya ba jinin wuri, don haka yayin da jinin ke ƙaruwa ƙwaƙwalwa ce ake matsewa. Bayan awa biyu ko huɗu ko shida sai ciwon kai ya tsananta, amai ya zo, barci ya rinjaye shi, a zo tashinsa a kasa. Idan aka kai shi wurin likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da wuri aka buɗe aka kwashe jinin, yawancin irin waɗannan yara suna warkewa sarai. Idan aka makara, ana rasa su. Kuma kowa ya san nisan da ke tsakanin ƙauyukanmu da asibitin da ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa ta CT da likitan da zai yi wannan aiki. A Arewacin Najeriya akasari sai manyan asibitoci irin na koyarwa da ke Kano, Zariya ko Sakkwato.

Raunin da bai kashe ba shi ma yana da nasa lissafin. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, shi ke kula da natsuwa, tsara aiki da danne fushi, kuma ba ya gama girma sai mutum ya wuce shekara 20. Idan ya samu rauni yaro yana ɗan shekara 7, mai yiwuwa ba a ga komai ba a lokacin. Sai ya shiga sakandare a ga karatu ya gagare shi, mantuwa ta yi yawa, ga saurin hasala. A gida a ce taurin kai ne, a makaranta a yi ta bulala, wasu ma su ce iska ce ta taɓa shi. Wasu yaran kuma farfaɗiya ce ke biyo baya bayan watanni ko shekaru.

Yadda hular take aiki

Mutane da yawa suna zaton robar waje mai sheƙi ce ke yin kariyar. Aikin yana wurin farin ko baƙin soso mai tauri da ke ciki, irin wanda ake tokare sabon talabijin ko firji da shi a kwali, sai dai na hula ya fi wancan matsewa. Kaurinsa yakan kai santimita 2 zuwa 3. Idan kai ya bugi ƙasa, soson yana murƙushewa a hankali a ƙarƙashin nauyin kan, sai tsayawar da za ta faru a take ta ɗan ja lokaci, ƙarfin da ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu ƙwarai. Ku kwatanta ƙwan da aka saki a kan siminti da wanda aka saki a kan tulin dusa. Ita kuwa robar waje tana baza ƙarfin bugun ya watsu a faɗin hular maimakon ya taru a wuri ɗaya, tana hana tsinin dutse shiga, tana kuma sa hular ta zame a kan kwalta kada ta cije ta fizgi wuya.

Kafin a amince da hula a Turai, ana sa mata wani kan ƙarfe mai na'urar awo a sake ta daga tsayin kusan mita 1.5, a Amurka kuma mita 2, a auna ƙarfin da ya ratsa zuwa ciki. Wannan tsayi shi ne kusan tsayin da kan mai keke ke faɗowa. Ma'ana, an ƙera hular ne daidai da irin faɗuwar da yaranmu suka fi yi.

Wani abu da ya biyo bayan wannan bayani: soson da ya murƙushe ba ya komawa yadda yake. Hular keke ta bugu ɗaya ce. Idan yaro ya faɗi kansa ya bugi ƙasa da ita, ta gama aikinta ko da waje bai nuna komai ba, sai a sayi wata.

Me bincike ya nuna?

Binciken da ya fara jawo hankalin duniya an yi shi ne a birnin Seattle na Amurka, aka buga shi a 1989 a mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine. Thompson da Rivara da abokan aikinsu sun kwatanta masu keken da aka kawo asibiti, suka ba da rahoton cewa hula tana rage haɗarin raunin kai da kashi 85 cikin 100. Binciken da aka yi daga baya ya nuna wannan adadi ya ɗan yi yawa, amma bai sauya hukuncin ba. Wasu masu bincike biyu daga Ostireliya, Olivier da Creighton, sun tattara sakamakon bincike 40 da ya shafi masu keke sama da 64,000 da suka yi haɗari, aka buga a 2017. Sun samu cewa sanya hula yana tafiya da raguwar raunin kai da kashi 51 cikin 100, mummunan raunin kai da kashi 69, raunin kai mai kisa da kashi 65, raunin fuska kuma da kashi 33. Ba su samu shaidar cewa hula tana ƙara raunin wuya ba, wanda wasu ke tsoro. A taƙaice, cikin mummunan raunin kai guda uku, ana iya kauce wa kusan biyu. Magunguna kaɗan ne a kantin magani suke da irin wannan tasiri.

Jihar Biktoriya ta Ostireliya ce ta fara tilasta wa masu keke sanya hula a 1990, New Zealand ta bi a 1994. Har yau ana muhawara a can kan ko dokar ta sa wasu matasa sun daina hawan keke gaba ɗaya. Masu adawa da tilastawa sukan kawo misalin ƙasar Holan, inda kusan kowa ke hawan keke, kaɗan ne ke sa hula, amma haɗarin da mai keke ke fuskanta bai kai na yawancin ƙasashe ba. Gaskiya ne, sai dai su sun ware wa keke hanyarsa daban, an raba shi da motoci. Yaron da ke hawa a gefen titin da tirela da a-daidaita-sahu da babura ke rububi, ga buɗaɗɗiyar kwata ta siminti a hannun damansa, ba a Holan yake ba.

Mu ma muna da namu tarihin da hular kwano. A farkon Janairun 2009, lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta dokar a kan masu babur, an ga 'yan acaɓa a Kano sun kifa ƙwarya da bokitin fenti a ka don su wuce jami'ai. Abin ya ba mutane dariya har a kafafen labarai na waje. Ni abin da na ɗauka daga ciki shi ne an kawo hular a matsayin abin da hukuma ke nema, ba a tsaya an bayyana wa mutane abin da take yi wa ƙwaƙwalwa ba. Wanda ya fahimci aikin soson da ke ciki ba zai sa wa ɗansa ƙwarya ba.

Abin da hular ba ta yi

Ba ta hana haɗari, kuma ba a ƙera ta don ta jure karo da mota mai gudu ba. Tana rage tsagewar ƙoƙon kai da zubar jini a ciki sosai, amma ba ta kawar da girgizar ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, wato yanayin da yaro zai rikice na ɗan lokaci, jiri da ciwon kai su biyo baya ko da hoto bai nuna komai ba. Ba ta rufe haɓa da haƙora. Don haka yaron da ya faɗi da hula a kansa shi ma ana sa masa ido kamar yadda za a bayyana a ƙasa.

Wace hula za a saya?

A nan ne ake yawan asarar kuɗi. Wasu kekunan yara suna zuwa da wata 'yar hular roba mai launi, cikinta soso ne mai laushi irin na katifa. Wannan kayan wasa ce. Ku danna cikin hular da babban yatsa: idan ya nutse kamar burodi, ku ajiye ta. Ta gaske tana da tauri, da ƙyar farce ke yi mata alama. Sannan ku duba takardar da aka manna a ciki. Hular da aka gwada tana ɗauke da alamar EN 1078 ta Turai ko CPSC ta Amurka, tare da girmanta a santimita da lokacin da aka ƙera ta. Ana iya buga alamar ƙarya, shi ya sa ake haɗawa da gwajin yatsa da duba ƙwarin maɗaurin.

Hular ma'aikatan gini, mai ruwan ɗorawa ɗin nan, an yi ta ne don abin da zai faɗo wa mutum daga sama. Ba ta da soson da ke murƙushewa, kuma takan fice kafin kai ya isa ƙasa. Hular babur ta manya kuma ta wuce kilo ɗaya, ta yi wa wuyan ƙaramin yaro nauyi, tana yawo a kansa tana rufe masa ido, alhali ta keke ba ta cika wuce giram 300 ba. Haka nan hular keke ba ta isa ga babur ba, domin gudun ba ɗaya ba ne. Yaron da ake kaiwa makaranta a babur yana buƙatar hular babur daidai kansa.

Kafin ku je kasuwa ku ari tef ɗin awo na tela, ku zagaya kan yaron ta saman gira da saman kunnuwa, ku rubuta adadin. Mafi kyau ma ku tafi da shi a gwada. Kada a sayi babba wai don ya girma da ita, kamar yadda muke yi da takalmi da kayan makaranta. Hular da ta yi yawa tana zamewa a daidai lokacin da ake buƙatarta. Yawancin na yanzu suna da wani abin murɗawa a ƙeya da ke ba da damar ƙara faɗi da 'yan santimita, wannan ya isa ya ɗauki yaro shekara biyu ko uku.

Batun gwanjo fa? A ƙa'ida ba a so, domin ba ku san ko ta taɓa buguwa ba. Amma na san a kasuwanni da yawa ta gwanjo ce kawai ke da inganci, sabuwar da ke kusa da ita kuwa ta wasa ce. Idan haka ne, ku cire ƙananan matasan da ke ciki, ku duba soson a cikin haske ko akwai tsaga ko wurin da ya loɓa, ku ɗan buɗa gefunan hular da hannu biyu ku ga ko wata tsaga za ta bayyana, ku ja maɗaurin da ƙarfi, ku tabbatar makullinsa yana kamawa. Wadda ta tsallake wannan ta fi kai tsirara nesa ba kusa ba. A wanke matasan da sabulu a shanya kafin yaro ya sa, saboda makero da ƙwarƙwata. Kada a goge hula da fetur ko kananzir, kada a yi mata fenti, kada kuma a bar ta a cikin mota a rufe da rana, duk suna lalata soson.

Yadda ake sa ta

Hular ta zauna daidai a kan kai, kada ta karkata baya kamar yadda samari ke ture hula. Tsakanin gira da bakin hular kada ya wuce faɗin yatsu biyu na yaron. Idan ya ɗaga ido sama ya kamata ya hango bakinta. Goshi a buɗe shi ne kuskuren da aka fi yi, kuma goshi ne ya fi bugun ƙasa. Igiyoyin gefe biyu su haɗu a ƙarƙashin kunne kaɗan, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, kunnen yana tsakiya. Maɗaurin haɓa a ɗaure shi yadda yatsa ɗaya ne kawai zai shiga. Ku ce wa yaron ya buɗe baki sosai kamar mai hamma: idan ya ji hular ta danno kansa, ɗaurin ya yi. Sannan ya girgiza kai hagu da dama, sama da ƙasa. Hular da ba a ɗaure ba, da ita da babu duk ɗaya, domin tana tashi tun kafin kai ya sauka.

Kada a sa hula mai kauri, zanna ko ta sanyi, a ƙarƙashinta. Ga 'yan mata, hijabi marar kauri da ya kwanta a kai ba ya hana komai, a gwada hular a kansa tun wurin saye. Abin lura shi ne jelar hijabin: a tattare ta a cusa cikin riga, domin dogon hijabi yana iya shiga taya ko sarƙa ya fizgo yarinya ta wuya. Kitso mai tudu a tsakiyar kai da manyan duwatsun ado su ma suna hana hula zama, gara wanda ya kwanta ya gangara ƙeya.

Wani gargaɗi da ba a cika yi ba: da zarar yaro ya sauka daga keke zai hau bishiya, katanga ko lilo, ya cire hular. An samu yara a ƙasashen waje da hular ta maƙale a tsakanin ƙarafa ko rassa, maɗaurin ya shaƙe su. Jaririn da bai kai shekara ɗaya ba kuwa ba a sa masa hula, ba a kuma ɗaukarsa a keke sam, wuyansa bai kai ba.

“Zafi take da shi, kuma za a yi mini dariya”

Zafin gaskiya ne, musamman a watannin bazara. Ku zaɓi mai manyan ramukan iska da launi mai haske, wanda kuma ke sa direba ya hango yaron da wuri. Dariyar abokai ta fi zafin wuyar sha'ani. Abin da na ga yana aiki shi ne a fara tun daga keke mai ƙafa uku, yaro ya taso bai san hawan keke ba tare da hula ba. A bar shi ya zaɓi launin da yake so. Dokar gida ta zama guda ɗaya, babu hula babu keke, ko da aiken bakin layi ne, domin yawancin faɗuwar yara kusa da gida take faruwa. Uban da ke hawa babur kai a buɗe zai sha wuya kafin ɗansa ya saurare shi. Idan iyaye uku ko huɗu a layi ɗaya suka haɗa baki suka saya a lokaci guda, dariyar takan mutu da kanta. Masu hayar keke da makarantun da ɗalibansu ke zuwa a keke su ma suna da rawar da za su taka a nan.

Game da kuɗi, shawarata ita ce a lissafa hular a cikin kuɗin keken tun farko. Idan kuɗin bai kai duka biyun ba, a sayi keken da bai kai wancan tsada ba. Hoton CT guda ɗaya ya fi kuɗin hula, ba a maganar kuɗin mota zuwa birni, gado, da tiyata.

Keken kansa da inda ake hawa

A taƙaice: yaro yana zaune a kan sirdi, ƙafafunsa biyu su taɓa ƙasa. Ƙaramin yaro da ke zura ƙafa ta cikin firam ɗin keken babansa yana tuƙi a karkace ba shi da iko da birki. A duba birkin gaba da na baya da iskar taya duk mako. Yaron da bai kai shekara 10 ba bai iya auna gudun motar da ke tahowa ba tukuna, kada a bar shi a babban titi shi kaɗai. Bayan magariba a ajiye keke, sai in yana da fitila da abin da ke ƙyalli a baya. Goyo a kan kariya yana jawo wani rauni da muke gani sosai, inda diddigen ƙaramin yaro ke shiga wayoyin taya su yage fata har su karya ƙashi.

Idan yaro ya faɗi ya bugu a kai

Idan ya suma, ko yana kukan wuya, ko mota ce ta buge shi, kada a ɗaga shi a girgiza, kada a zaunar da shi, kada a ɗura masa ruwa ko madara a baki. A riƙe kansa da wuyansa a miƙe daidai da jikinsa. Idan amai ya zo, mutum biyu ko uku su juya shi gefe gaba ɗaya kamar gungume, ɗaya yana riƙe da kan. A Najeriya ana iya kiran 112, ko 122 na hukumar kiyaye haɗurra. In dole ku ne za ku kai shi, a kwantar da shi a kan abu mai faɗi a mota, kada a saɓa shi a babur. Fatar kai tana zubar da jini da yawa ko da yankan ƙarami ne. A danne da tsabtataccen ƙyalle. Kada a zuba ƙasa, toka ko man birki.

Idan ya tashi da kansa yana magana daidai, a sa masa ƙyalle mai sanyi a kan kumburin, a ba shi farasitamol daidai nauyinsa idan yana jin ciwo. Kada a ba shi asfirin, kada kuma a ba shi maganin tari ko na mura mai sa barci, domin zai ɓoye alamun da ake nema. Babba ya kasance tare da shi na awa 24 na farko, a ci gaba da lura har kwana biyu. Ba sai an hana shi barci ba, amma a daren farko a duba shi sau biyu ko uku, a tabbatar yana motsawa ya farka kamar yadda ya saba. A tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- ya suma a lokacin faɗuwar, ko bai tuna abin da ya faru ba
- amai fiye da sau ɗaya
- ciwon kai da ke ƙaruwa maimakon raguwa
- barci mai nauyi da wuyar tashi, rikicewa, ko maganar da ba ta fita daidai
- jijjiga
- jini ko ruwa garai yana fita daga kunne ko hanci
- baƙi ya kewaye idanu biyu, ko ya fito a bayan kunne
- hannu ko ƙafa ta yi sanyi ba ƙarfi, tafiya da tangaɗi, ko gani biyu-biyu
- ɗigon baƙin tsakiyar ido ɗaya ya fi ɗaya girma
- wani wuri a kai ya loɓa, ko kumburi mai laushi a gefen kai saman kunne

Ku tafi da hular, domin inda ta fashe yana nuna wa likita inda bugun ya sauka da ƙarfinsa. Ku faɗi lokacin da abin ya faru da ko yaron yana da sikila ko wata cutar jini. Ku duba cikinsa ma: idan kan keken ya soke shi a ciki, ga ɗan zagayen tabo a fata, ga ciwon ciki ko amai, wannan ma na asibiti ne, domin hanji, saifa ko wani abu a ciki na iya fashewa alamun ba su fito ba sai bayan awanni.

Yaron da likita ya ce ya samu girgizar ƙwaƙwalwa yana buƙatar hutun kwana ɗaya zuwa biyu, a rage masa waya da talabijin, sannan ya koma makaranta a hankali. Ƙwallo, kokawa da keke kuwa sai ciwon kai da jiri sun tafi gaba ɗaya kuma likita ya amince, saboda bugu na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta gama warkewa ba ya fi na farko haɗari. Yawancin yara suna dawowa daidai cikin mako 2 zuwa 4. Idan wata guda ya wuce malaminsa ko mahaifiyarsa na ganin har yanzu ba shi ba ne, a dawo da shi a sake dubawa.